Ƙusar Bahago

Yelwan Yauri,
8 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga aminina Elijah,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da uwargida Lami da yara. Yaya aikin koyarwa, yaya Zuru da ruwan bana? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hafsatu tana gaida Lami, ta ce bandar kifin da ta yi mata alkawari tana nan tafe.

Ga shi na yi abin da ka ce. Ka hana ni tura maka saƙon murya, wai sai dai in rubuta da hannu in ɗauki hoto in turo, don hannuna ya tuna biro. To ga shi nan. In ka ga rubutun kamar sawun kaza, kai ka jawo. Rabona da in cika shafi guda tun muna aji uku a sakandare, lokacin da kake kwafar lissafina kana cewa dubawa kawai kake yi. Kai ka wuce ka zama Ticha, ni mahaifina ya rasu na gangara bakin ruwa.

Fom ɗin kwalejin da ka aiko ya iso, na karanta shi sau huɗu. Ga abin da na fahimta, ka gyara mini in na yi kuskure. Difilomar ƙirar jirgin ruwa shekara biyu ce. Amma wanda ya daɗe a cikin sana'a, in ya kawo shaida suka gamsu, za su ƙidaya masa aikin da ya yi a matsayin darussan shekarar farko, guda bakwai. Saura shekara ɗaya, ita ma Asabar da Lahadi kawai. Wannan ita kaɗai zan iya, Elijah. Shekarata arba'in da shida, ga iyali, ga rumfa, ban da halin zaman aji na shekara biyu cur. In ba su karɓi shaidata ba, magana ta mutu.

Ka tambaye ni a waya ko da gaske nake so. Da gaske nake. Ƙungiyar masunta za ta buɗe rumfar koya wa matasa ƙirar jirgi a garinku Wara baɗi, kuma sun ce sai mai takarda zai koyar. Bara wani mai takarda ya zo nan da farar hular roba a kansa, ya tsaya a kaina yana tambayar yadda ake lanƙwasa katakon maɗaci bai tsage ba. Na nuna masa, ya rubuta, ya yi gaba. Wallahi ranar abinci bai shiga mini ba. Shekara talatin ina wannan aiki, ba wani jirgin da na ƙera da ya taɓa buɗewa a tsakiyar ruwa, amma irin wancan za a ba yaran mutane ya koya musu.

Abu uku suke so. Hotunan jiragen da na ƙera, da ziyarar mai dubawa daga kwaleji, da shafi guda da maigidana zai sa hannu ya ce aikina ne. Wannan shafi na uku shi ya hana ni sakat.

Ka san Baba Almustapha, Baba Almu, wanda ya karɓe ni ina ɗan shekara sha shida. Ka kuma san al'adarmu: mai koyon sana'a ba ya zama mai kansa sai maigida ya tara mutane ya ce ya yaye shi. Kafin nan, duk abin da ya fito daga hannunsa sunan maigida yake ɗauka. To ni har yau Baba bai yaye ni ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da idonsa ya rufe, tun daga nan kowane jirgi da ya bar rumfarmu ni na ƙera shi daga farko har ƙarshe, amma jirgin Almu ake ce masa. Kullum da safe zai zo da sandarsa ya zauna a kan tabarma yana sauraren guduma. Ta yaya zan tsuguna gaban wannan tsoho in ce ya dangwala hannu a takarda cewa aikin ba nasa ba ne? Bakina ba zai iya ba. Na sa shafin a ƙasan akwati tukuna.

Kada ka kira ni ka fara wa'azi, na san abin da za ka ce. A gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Mainasara.


Yelwan Yauri,
29 ga Satumba, 2024.

Ticha Elijah,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Lami, da fatan ciwon ƙafar nan ya sake ka. Na ga gyaran da ka yi wa wasiƙata da jan biro ka sake turo mini. Kai dai ba ka canzawa. Na ƙirga, wuri goma sha tara, Allah ya bar ka da ɗalibanka.

Mako biyu na yi ina bin jiragena da wayar ɗiyata Yasira. Na je Wara, na je ƙauyukan gefen Shanga, na tsallaka tsibirai biyu. Ban san yawansu ba ashe, Hafsatu ce ta riƙe su a ka. Ita da haihuwa take lissafi: wannan shekarar da aka haifi Yasira ne, wancan lokacin da take goyon na uku. Da haka muka tara arba'in da ɗaya. Na samu ashirin da shida a kan ruwa.

Elijah, ban zaci abin zai taɓa ni haka ba. Akwai wani da na gani a Wara an labta masa albasa har baki, fentinsa ya koɗe, amma ko cokali guda na ruwa babu a cikinsa. Na gane shi tun daga nesa. Na shiga na zauna, mai jirgin yana ta kallona ko lafiya. Na ce masa hoto kawai zan ɗauka.

Bari in gaya maka yadda nake tabbatar da nawa, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba don kunya. Ka tuna ni bahago ne, ka sha tsokanata a kan haka. In an buga ƙusa ta huda katako ta fito ta ciki, sai a kwantar da tsininta da guduma don ta riƙe. Mai hannun dama in ya buga, ƙusa hagu take kwanciya. Tawa dama take kwanciya. Shekara uku na farko Baba yana dukan hannuna da sanda, yana cewa jirgin bahago zagaye zai riƙa yi a ruwa ba zai kai gaci ba. Na gwada da dama har na gaji, sai farcena nake fasawa. Daga baya ya ƙyale ni, ni kuma na koyi lafta kwalta mai kauri a kan ƙusoshina don kada masu saye su gani su ce an ba su na bahago. A duk bakin ruwan nan babu wani bahago a wannan sana'a, ko dai an juya masa hannu ko an kore shi. In na kankare kwalta da farce na ga ƙusa ta kwanta dama, na san nawa ne.

Wani abin dariya kuma. Fom ya ce a rubuta tsawon kowane jirgi da mita. Ni da taƙi da kamu da gaba nake awo, kamar yadda Baba ya koya mini. Sai Hafsatu ta ɗauko tef ɗin ɗinkinta ta auna taƙina, ya ba da santimita ashirin da uku daidai. Muka zauna a tsakar gida da la'asar, ni ina faɗin taƙi, Yasira tana juyawa zuwa mita, Hafsatu tana yi mana dariya wai ga ɗalibi mai furfura. Da muka gwada a kan jirgin Auwal da na gama watan jiya, bambancin bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na yi alfahari ranar, ba zan ɓoye maka ba.

Na aika fayil ɗin ranar Alhamis. Shafin Baba na tura shi fari fat, ba sa hannu. Na ce a raina in mai dubawa ya zo ya ga aikin da idonsa, ai ba sai an tada tsoho ba. Kullum ina gaishe shi, ina kawo masa kunu, muna hirar farashin katako, ban ce masa komai ba.

Ka yi mini addu'a a cocinku, ni ma ina yi a nan. Gaisuwa ga yara.

Abokinka,
Mainasara.


Yelwan Yauri,
21 ga Oktoba, 2024.

Elijah,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma da lafiyar jiki. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Na lalata komai da bakina.

Mai dubawa ta zo ranar Laraba da hantsi. Mace ce, Malama Deborah, gajeruwa, da takalmin roba har gwiwa. Da na gan ta na ce a raina shi ke nan, an sake turo mana wani mai tambayar yadda ake lanƙwasa katako. Ashe na yi kuskure. Ta ƙwanƙwasa katako da ɗan yatsa ta faɗi sunansa, ta shinshina wani ta ce bai gama bushewa ba, kuma gaskiyarta. Ɗiyar masunta ce, a cikin jirgi ta girma.

Ta ce tun da shafin maigida babu sa hannu, za ta tambayi masu jiragen da kansu. Muka gangara bakin ruwa da hotuna a hannunta. Ta tambayi na farko wa ya ƙera masa, ya ce jirgin Almu ne. Na biyu, jirgin Almu. Har Auwal, Elijah! Auwal da ya yi kwana arba'in yana zaune a kaina yana cin gyaɗa ina buga masa ƙusa, ya buɗe baki ya ce jirgin Almu ne, na asali. Kuma yana faɗa yana kallona yana murmushi, shi a ganinsa yabona yake yi. Ban ga laifinsu ba, haka kowa ya tashi ya ji ana faɗa. Mutum bakwai ta tambaya, ba wanda ya ambaci sunana.

Muka dawo rumfa. Baba yana zaune a tabarmarsa. Ta gaishe shi da ladabi, sannan ta dafa jirgin da ke kan gini yanzu, na Nura, ta juyo ta tambaye ni a fili wa yake ƙera wannan. Ga gizago a hannuna, ga garin katako a gemuna. Na dubi tsoho, ya karkato kunne. Sai na ji bakina yana cewa aikin Baba ne, mu dai muna taimakawa. Ta sake tambaya a hankali, ta ce in fahimta, ni take tambaya abin da hannuna ya yi. Na ce duk abin da ke rumfar nan na Baba ne. Ta tambaya sau na uku. Na ce muna dai taɓawa.

Muna taɓawa! Shekara talatin, jirgi arba'in da ɗaya, wai muna taɓawa. Kai, wani lokacin ina jin haushin kaina kamar in faɗa tafki.

Ta zare shafin Baba ta mayar mini, ta rufe fayil. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ta san abin da idonta ya gani, ta kuma san al'adar, don a gidansu ma haka ake. Amma ba za ta iya rubuta abin da ba wanda ya faɗa ba, ga shafi fari, ga shaidu bakwai sun kira wani suna, ga ni da kaina na ce taimako nake yi. Ta ce za ta sake biyowa ta nan ranar sha shida ga Nuwamba a hanyarta ta dawowa daga Shanga. In akwai shaida ranar, to. In babu, sai in shiga daga shekarar farko kamar kowa.

Abin da ya fi ci mini rai bai ma zo ba tukuna. Duk wannan bayani a gaban Baba ta yi shi, kwaleji, difiloma, rumfar Wara, shafin da aka ce ya sa wa hannu. Ita ta ɗauka ya sani. Da ta tafi tsoho ya laluba ya ɗauki sandarsa, na miƙa hannu in kama shi ya janye. Ya tafi gida shi kaɗai, kununsa yana nan bai taɓa ba.

Na ɓoye masa don kada in ɓata masa rai, ga shi ya ji a bakin baƙuwa. Takarda ban samu ba, tsoho ma na rasa. Kai ka ce in gaya masa tun farko, na sani, ba sai ka tuna mini ba.

A gaida Lami.

Mainasara.


Yelwan Yauri,
3 ga Nuwamba, 2024.

Aminina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Na ga kiranka har sau shida, ban ɗauka ba don ban da abin faɗa. Ka yafe mini. Na gode da saƙon da ka turo, da ba ka yi mini gori ba.

Kwana goma sha takwas Baba bai zo rumfa ba. Ina zuwa gaishe shi safe da yamma, yana amsa gaisuwa, daga nan sai ya juya fuska ga bango. Rumfa kuwa ta zama wani iri. Ina buga ƙusa sai in ɗaga kai in dubi tabarma. Da, in na buga ba daidai ba, daga ƙarar kawai zai yi gyaran murya. Yanzu ba mai yi mini gyaran murya, kuma aikin ba ya tafiya.

Ranar Talata na ce wa Hafsatu na haƙura, na ce ta ba ni sauran takardun in cusa a murhu. Ka san Hafsatu ba ta da hayaniya, amma ranar ta wanke ni tas. Ta ce ni ina kiran abin nan ladabi, ita tsoro take gani. Ta ce na girmama tsoho har na mayar da shi wanda ba a gaya wa gaskiya, kamar ƙaramin yaro. Ta ce in na ga dama in bar karatun, amma sai na je na gaya masa da bakina abin da baƙuwa ta gaya masa. Ta sa takardun a cikin kwallarta ta rufe.

Na yi fushi, na fita. Na zagaya kasuwa ba abin da zan saya. Da na huce na ga gaskiyarta.

Washegari bayan sallar la'asar na je. Na same shi a zaure, na tsuguna. Na gaya masa komai daga farko: fom ɗinka, da mai farar hula, da rumfar Wara, da shafin da na ɓoye a ƙasan akwati. Na ce ina so a koya wa yaran nan aikin yadda ya koya mini, ba yadda za su kashe mutane ba. Na ce ina son sunana ya hau takarda ko sau ɗaya kafin in mutu, wannan ma ban ɓoye ba. Na ce na yi laifi da ban fara zuwa wurinsa ba.

Ya yi ta murza tasbaha. Can sai ya tambaye ni wace rana matar za ta dawo. Na gaya masa. Ya ce in tashi in tafi, jirgin Nura ba zai gama kansa ba.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ban san ko yafewa ce ko kora ce ba. Amma na fito zauren nan jikina sakayau, kamar na sauke buhu. Saura kwana goma sha uku.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Mainasara.


Yelwan Yauri,
1 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga aminina, ɗan uwana Elijah,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka, da Lami, da yara ɗaya bayan ɗaya. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke. Na ƙi gaya maka komai a waya da gangan, na ce sai takardar kwaleji ta iso. Ta iso jiya. Nemi wuri ka zauna, Ticha, yau sai ka gaji da jan biro.

Ranar sha shida ta faɗo ranar kasuwa, bakin ruwa cike da jirage. Malama Deborah ta iso da hantsi, ni kuwa ba ni da komai a hannu sai shafin nan fari. Ina cikin neman abin da zan ce mata sai ga Baba, da babbar rigarsa ta Juma'a, da sandarsa. Bai shiga rumfa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce a kai shi ruwa.

A bakin ruwa ya gaya wa Malama cewa duk wanda ta tambaya gaskiya ya faɗa mata, sunan Almu jiragen suke ɗauke da shi. Amma ita ba suna take nema ba, hannu take nema, shi kuma zai nuna mata hannu. Ya ce ta zaɓi jiragen da kanta, kada kowa ya gaya masa na wane ne.

Ta zaɓi na farko. Aka kama shi ya shiga, ya tattare riga, ya durƙusa. Ya sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarin jirgin yana shafawa, ya kankare kwalta da farcen babban yatsa. Sai ya ɗaga murya ya ce wannan na bahago ne, ƙusa ta kwanta dama, Mainasara ya ƙera shi. Kai, Elijah! Abin da na shekara talatin ina binnewa da kwalta shi tsoho yake tonawa a gaban kasuwa guda.

Na biyu ya ce nasa ne, tsoho, tun idonsa na gani, ƙusa ta kwanta hagu. Na uku ya ce ba na rumfarmu ba ne sam, kuma mai shi ya yi hattara da katako na huɗu. Mutane suka fashe da dariya, mai jirgin ya amsa cewa daga wani gari ya sayo. Kafin a kai na shida an bar ciniki an taru. Jirgi goma sha huɗu ya shiga, rigarsa ta jiƙe har cinya. Uku nasa, biyu na baƙi, tara nawa. Malama tana bin sa da hotuna tana haskawa da fitilar waya. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Sai ta miƙo mini guduma da ƙusa da guntun katako ta ce in buga. Na karɓa da hagu a gaban kowa. Ƙusa ta kwanta dama. Ta dube ni ta sake yi mini tambayar ranar nan, wa ya ƙera jiragen tara. Na dubi Baba, ya yi gyaran murya. Na ce ni ne. Auwal ya riƙe baki yana cewa ashe na bahago yake tuƙawa, kuma wallahi bai taɓa zagaye da shi ba.

Baba ya dangwala yatsa a shafin a kan goshin jirgin Auwal. Na ɗauka an gama, sai ya ce jama'a su saurara. Ya ce su shaida ya yaye Mainasara, kuma ya makara da sama da shekara goma. Ya ce ba don aikina bai kai ba ya riƙe ni. Tsoro ya ji. Tun da ido ya tafi ba abin da ya rage masa sai ƙarar gudumar nan da safe, ya ga in ya yaye ni zan buɗe tawa rumfar, shi kuma ya zauna a zaure yana sauraren kaji. Ya ce son kai ne, in yafe masa. A nan na kasa riƙe kaina. Na yi kuka a bakin ruwan Yauri ranar kasuwa, ka faɗa wa duk wanda ka ga dama.

Ga abin da takarda ta ce. Sun ƙidaya mini darasi shida cikin bakwai. Na bakwai, zanen jirgi a kan takarda, sun ce sai na zauna na koya, kuma gaskiyarsu, ni a ƙasa nake zane da tsinke. Zan haɗa shi da na shekara ta biyu. Ina farawa a watan Janairu. Yasira ta riga ta saya mini jaka, Hafsatu ta ce kada in kuskura in kwafi na wani. Na ce mata a rayuwata ni ake kwafa, ta tambayi Ticha.

Rumfa tana nan inda take, tabarma ma tana nan. Ko na samu koyarwar Wara, na gaya masa da shi za mu riƙa tafiya, yaran suna bukatar mai yi musu gyaran murya.

Shekaranjiya muka gama jirgin Nura. Kwaltar da ruwa ke bukata kawai na shafa, ban lafta don ɓoye komai ba. Da ya rage ƙusa ɗaya a goshi, na je na kamo hannun Baba na sa masa guduma. Ya ce wane irin wasa ne wannan da makaho. Na ce ba wasa ba ne, haka za a riƙa yi a kowane jirgi muddin yana raye. Ya laluba tsinin da yatsa, ya buga sau biyu, ta kwanta lif. Duk wanda ya shafa cikin jirgin nan bayan shekara talatin zai samu ƙusoshi sun kwanta dama tun daga baya har gaba, sai guda ɗaya a goshi da ta kwanta hagu.

Ka zo hutun Kirsimeti in shiga da kai ka taɓa ta da hannunka. Na gode da fom, na gode da jan biro. Hafsatu da yara suna gaishe ku, Baba ma ya ce a gaida Ticha.

Ni ne naka,
Mainasara, maƙerin jirgi.